Gaba Ɗari: Yadda Awon Teku Ya Shiga Arzikin Kano

Wanda ya taso daga birnin Kano ya kama hanyar Panshekara, kafin ya kai garin zai ratsa ta Zawaciki a ƙaramar hukumar Kumbotso, inda aka gina tashar jiragen ruwa ta kan tudu ta Dala. Shugaba Muhammadu Buhari ne ya buɗe ta a ƙarshen watan Janairun 2023. Sunan kansa yakan ba baƙo dariya, domin ruwa mafi girma a yankin namu shi ne kogin Challawa, wanda da rani yashi ya fi ruwa yawa a cikinsa. Amma kwantenonin da ake jibgewa a can, masu tsawon ƙafa ashirin da masu ƙafa arba'in, an ƙera su ne daidai da cikin jirgin ruwa. Fatun da ake jemewa a masana'antun Challawa da Sharaɗa, da kayan injin da ake kawo wa Bompai, duk sai sun hau teku ko sun sauko daga kanta. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba, ni ma sai da na je hidimar ƙasa na gan ta, amma an fi shekara ɗari ana yanke hukunci a kan kasuwarmu, daga baya kuma a kan kasonmu na wata-wata, da ma'aunan da ma'aikatan jirgi suka ƙirƙiro don kada jirginsu ya dafe a yashi.

Ma'aunin farko ba baƙo ba ne a gare mu. Kakana na wajen uwa ya yi sana'ar haƙar rijiya, kuma har ya rasu bai taɓa faɗin zurfin rijiya da mita ba. Sai ya zura igiya da dutse a bakinta, ya jawo, ya riƙa miƙa hannuwansa biyu yana bin igiyar a ƙirjinsa yana ƙirgawa: gaba ɗaya, gaba biyu, har ya kai inda igiyar ta jiƙe. Da yawan gaba ake yin jinga, da shi ake sanin igiyar gugar da za a saya. Gaba ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarshen yatsun hannun dama da na hagu idan mutum ya buɗe hannuwansa iyakar buɗewa. Ƙasa da ita akwai kamu, daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, wanda masaƙa da 'yan koli suka daɗe suna auna sawaye da shi, kuma kamu huɗu ne ke ba da gaba guda. Ƙasa da kamu akwai ɗani, akwai taki. Duk jikin mutum ne.

Abin da ya ba ni mamaki lokacin da nake jami'a shi ne gano cewa ma'aunin zurfin teku na Turawan Ingila wannan gabar ce ba wata ba. Kalmar da suke kiransa da ita ta samo asali ne daga tsohuwar kalmarsu mai nufin buɗaɗɗun hannuwa. Faransawa da mutanen Fotugal sun ciro tasu kalmar daga sunan hannu a harsunansu. Larabawa suna cewa ba'i, ma'anar ke nan dai. Babu wanda ya koya wa wani. Duk wanda ya taɓa jawo igiya daga cikin ruwa ya san hannu bibbiyu ake jawo ta, kuma hanya mafi sauƙi ta ƙirga ta ita ce a ƙirga miƙewar hannun. Bambancin da aka samu daga baya shi ne Turawa sun tsayar da tasu gabar a kan ƙafa shida cif, wato mita 1.83, ta yadda gabar dogo da ta gajere suka zama ɗaya. Tamu kuwa ta ci gaba da bin tsawon hannun mai awo, shi ya sa kakana yake cewa mai gida mai wayo ba ya kiran gajeren mutum ya auna masa rijiyar da zai biya.

Kayan aikin ma kusan ɗaya ne. Mai awon zurfi a jirgi yakan tsaya a gefen jirgi riƙe da doguwar igiya mai dunƙulen dalma a baki, ya wulwula ta ya jefa gaban jirgi, ta yadda kafin jirgin ya iso wurin dalmar ta taɓa ƙasa igiyar ta miƙe tsaye. Sai ya ɗaga murya ya faɗi zurfin. An yi wa igiyar alamomi yadda ko da dare hannu zai gane su: a gaba biyu tsiri biyu na fata, a gaba uku tsiri uku, a gaba biyar farin ƙyalle, a gaba bakwai jan ƙyalle, a gaba goma guntuwar fata mai huji, a gaba ashirin ƙulli biyu. Gindin dalmar yana da rami, ana cusa masa kitse. Idan aka jawo, abin da ya manne a kitsen, yashi ne ko laka ko ɓawon kifi, shi ke gaya wa matuƙi inda yake, domin taswirar teku tana nuna irin ƙasar da ke ƙarƙashin kowane wuri. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Herodotus, marubucin tarihin nan na Girka a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ambaci cewa mai zuwa Masar ta teku, tun yana da tafiyar yini kafin gaɓa, idan ya jefa dalma zai ciro laka a zurfin gaba goma sha ɗaya. Lakar kogin Nilu ce ke tarbarsa tun bai hango ƙasa ba.

Muna cewa an jefa mutum rijiya gaba dubu idan muna nufin ya shiga halin da ba fita. Gaba dubu mita 1,829 ne. Matsakaicin zurfin tekunan duniya ya kai kusan mita 3,700, wato ninkin rijiyar tamu biyu. A shekarar 1875 jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya zura igiya a yammacin tekun Fasifik, bai taɓa ƙasa ba sai a gaba 4,475. Irin wannan awo yakan ci sa'o'i. Sai a shekarun 1920 aka koma aika ƙara zuwa ƙasan teku a jira amsa-kuwwarta, tunda an san ƙara na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda a cikin ruwan gishiri.

Auna nisa ya fi wuya, saboda a teku babu tsamiyar da za a ce an wuce, babu gari, babu sawun da ke zama. A nan ma tsofaffin matuƙa sun yi abin da fatakenmu suka yi. Madugun da zai kai ayari Gwanja sayen goro ba ya lissafin mil, zango yake ƙirgawa, wato nisan da jaki da kaya za su iya ci kafin a sauke. Matuƙan Larabawa na tekun Indiya, irin su Ahmad bin Majid wanda ya rubuta littafinsa na ilimin tuƙi wajen shekarar 1490, suna da abin da suke kira zam, tafiyar sa'a uku, ta yadda zam takwas ke cika dare da yini. Sun kuma ƙara da wata hikima. Suna auna tsayin tauraron arewa daga inda sama ta haɗu da ruwa da faɗin yatsa, suna kiran ma'aunin isba'i. Idan jirgi ya miƙe arewa sosai, duk zam takwas tauraron zai ɗaga da yatsa guda. Da haka suka ɗaure nisan da ke ƙasa da abin da ake gani a sama, wanda shi ne ainihin tushen mil ɗin teku.

Mil da muka sani a littattafan fiƙihu wani ne daban. Ɗalibin da ya karanta Risala ya san nisan da ke halatta ƙasaru baridi huɗu ne, wato farsakhi goma sha shida, wato mil arba'in da takwas. Mil ɗin da Turawan mulki suka dasa duwatsunsa a hanyoyinmu, wanda ya bar mana sunan Mil Tara a hanyar Katsina, shi ma daban ne, mita 1,609. Mil ɗin teku ya fi shi tsawo, kuma dalilinsa na da daɗin fahimta. An raba zagayen duniya gida 360, kowane gida ana ce masa digiri, an kuma raba kowane digiri gida sittin. Ɗaya daga cikin sittin ɗin nan, idan aka auna shi a doron ƙasa daga kudu zuwa arewa, shi ne mil ɗin teku. Amfaninsa shi ne matuƙi ya auna tsayin rana da tsakar rana yau, ya sake aunawa gobe, bambancin da ya samu a sama shi ne kai-tsaye yawan mil da ya ci zuwa arewa ko kudu, ba sai ya yi wani dogon lissafi ba. Tunanin auna digiri a ƙasa ma ba a Turai ya fara ba, domin tun wajen shekarar 830 Halifa Ma'amun ya aika masana taurari filin Sinjar suka auna, suka samu mil na Larabawa 56 da biyu bisa uku.

Sai dai duniya ba ƙwallo ba ce cif, ta ɗan baje a tsakiya. Saboda haka wannan yanki na digiri mita 1,843 ne a kusa da ikwaita, amma ya kai 1,862 a ƙuryar arewa da kudu. Kowace ƙasa ta zaɓi nata adadin, Ingila ta tsaya a ƙafa 6,080. Sai a taron masana taswirar teku da aka yi a Monako a 1929 aka amince da mita 1,852. Amurka ba ta bi ba sai 1954, Ingila kuwa sai 1970.

Gudun jirgi kuma da ƙulli ake faɗinsa, kuma ƙullin gaske ne a igiyar gaske. Ana jefa guntun katako a bayan jirgi ɗaure da igiyar da aka ƙuƙƙulle a kowace ƙafa 47 da inci uku. Katakon ya tsaya a ruwa, jirgi ya yi gaba, igiya na zarewa ta hannun mutum ɗaya, wani kuma na riƙe da agogon yashi mai daƙiƙa 28. Yawan ƙullin da ya wuce kafin yashin ya ƙare shi ne yawan mil ɗin teku da jirgin ke ci a sa'a. Yau ba mai jefa katako, amma jirgin saman da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda har yanzu da ƙulli matuƙinsa ke karanta gudunsa, da mil ɗin teku yake lissafin tafiyarsa.

Karon farko da tarihi ya rubuta an auna Kano da awon teku shi ne a Janairun 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, lokacin da Hugh Clapperton ya shigo birnin. Clapperton hafsan sojan ruwan Ingila ne, ya ratso Sahara daga Tarabulus ta Borno, kuma ya riƙa lissafin tafiyarsa a kan raƙumi kamar yadda zai yi a jirgi. Ya auna tsayin rana da na'urarsa ya samu Kano na kan digiri 12 arewa da ikwaita, kuma ya yi daidai. A harshen matuƙa, ma'anar haka ita ce tsakanin Kano da ikwaita mil ɗin teku 720 ne. Matsayin birnin daga gabas zuwa yamma kuwa da kirdadon tafiya ya fitar da shi, sai ya ajiye Kano gabas da inda take. Daga nan ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Abin da ya kawo shi shi ne sanin inda kogin Kwara ya nufa, kuma Bello, wanda shi kansa marubucin tarihi ne, ya ba shi taswirar ƙasar da aka buga a Landan a 1826. Sun tattauna batun buɗe hanyar ciniki ta bakin teku. A wancan lokacin ƙofar Kano tana arewa ne, jar fatar akuyarmu ta Sahara take bi, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Abin da Clapperton yake nema shi ne a juya ƙofar ta kalli kudu.

Juyawar ta ɗauki kusan shekara casa'in, kuma abin da ya yi ta jinkirta ta zurfin ruwa ne. A 1854 Dakta William Baikie ya shigo da jirgin Pleiad ya hau Kwara da Binuwai, ana tafe ana jefa dalma. Da ya dawo a 1857 da jirgin Dayspring, sai jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya lalace. Wani matashin hafsan ruwa da ke cikinsa, John Glover, shi ya zana taswirar kogin da zurfinsa wadda 'yan kasuwa suka yi ta amfani da ita daga baya. Baikie ya zauna a Lokoja, kuma da ya so ganin Kano a 1862, ta tudu ya zo.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, tambayar da ke gabansu ita ce ta ina za a fitar da kayan Arewa. Gwamna Percy Girouard, wanda injiniyan jirgin ƙasa ne, ya ja layin dogo daga Baro a bakin Kwara, ya iso Kano a 1911. Dabarar ita ce jirgin ƙasa ya kai kaya Baro, jirgin ruwa ya kwashe zuwa Burutu da Forkados a bakin teku. A takarda shirin ya yi kyau. A ruwa kuwa, Kwara kogi ne mai fuska biyu. Daga Agusta zuwa Oktoba yana cika har manyan jirage su hau, da rani kuma ya janye ya bar tsibiran yashi, sai ƙananan jirage marasa nitso. Ga shi kuma gyaɗa da auduga a ƙarshen damina ake girbe su, kafin a saya a tara a kai Baro ruwa ya fara tafiya. Lokacin da kaya suka yi yawa shi ne lokacin da kogin ya rasa zurfi.

Ikko ma tana da tata matsalar. A bakin mashigin tashar akwai tudun yashi a ƙarƙashin ruwa wanda igiyar teku ke ta sauya wa wuri, manyan jirage ba sa iya haye shi, sai su tsaya a waje a riƙa jigilar kaya da ƙanana. Tun wajen 1907 aka fara gina dogayen katangun dutse biyu cikin teku don su matse ruwan ya riƙa share yashin da kansa, ana kuma yashewa. A Fabrairun 1914 jirgin wasiƙa mai suna Akoko, wanda cikinsa ya nitse ƙafa goma sha tara a ruwa, ya shiga tashar Ikko. Ƙafa goma sha tara gaba uku ce da ƙafa ɗaya, zurfin da ko a rijiyar gida ba a yi masa kirari. Amma a ganina waɗannan gaba uku suna cikin abubuwan da suka fi sauya tarihin kasuwar Kano. An riga an haɗa layin Kano da na Ikko a Minna a 1912, shekarar da manoman Kano suka ba Turawa mamaki suka rungumi gyaɗa maimakon audugar da aka gina layin dominta. Da tashar ta buɗu, aka kuma gama gadar Jebba a 1916 da matsayar jirage ta Apapa a 1926, sai buhun gyaɗa ya iya tashi daga Kano ya sauka a cikin jirgin teku ba tare da ya jira damina ba. Dalar gyaɗa, da arzikin su Alhaji Alhassan Ɗantata, da kuɗin baitulmalin da Hukumar Gargajiya ta Kano ta gina gidan ruwan Challawa a nan Panshekara a farkon shekarun 1930 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, duk suna da alaƙa da wancan mashigi. Baro kuwa ta koma kufai. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, a Janairun 2019 aka buɗe sabuwar tasha a can, amma kogi bai daina tara yashi don an yi bikin yanke zare ba.

Har zuwa nan awon teku aikin matuƙa ne. A ƙarni na ashirin ya koma hannun lauyoyi, a nan ne kuma ya shiga aljihun talakan Kano kai-tsaye. Da can ƙasashen Turai sun ɗauka ikon ƙasa a teku ya tsaya ne inda harsashin igwa ke kaiwa daga gaɓa, aka ƙiyasta shi mil uku. Da aka gano akwai mai a ƙarƙashin ruwa sai mil uku ya yi kaɗan. A Satumban 1945 Shugaba Truman na Amurka ya shelanta cewa arzikin da ke ƙarƙashin tekun da ke manne da ƙasarsa na Amurka ne, kuma bayanin da fadarsa ta fitar ya kwatanta iyakar wurin da zurfin gaba ɗari. Ba a banza aka zaɓi adadin ba. Tsofaffin taswirori sun daɗe suna zana layin gaba ɗari, saboda a wajajen nan ne ƙasar da ta gangaro a hankali daga gaɓa take karyewa ta faɗa zurfi. Gaba ɗari mita 183 ne. Da aka zo rubuta yarjejeniyar Janiba a 1958 sai aka cike shi ya zama mita 200. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a Disambar 1982, ta ba kowace ƙasa mil ɗin teku 12 na cikakken iko, da 24 na sa ido kan fasa-ƙwauri da shige da fice, da 200 na mallakar kifi da ma'adinai. Nijeriya ta taɓa faɗaɗa ruwanta zuwa mil 30 a 1971, ta dawo 12 a 1998.

Tsarin mulkin 1999 ya ce a ware aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai a ba jihar da aka haƙo su, sauran a raba wa kowa. Tambayar da ta taso ita ce, man da aka haƙo a cikin teku, na wace jiha ne? Gwamnatin Tarayya ta kai ƙara, a ranar 5 ga Afrilun 2002 Kotun Ƙoli ta ce iyakar jihohin gaɓa ta tsaya ne inda ruwa ke janyewa, abin da ke gaba da nan na tarayya ne. Jihohi irin su Akwa Ibom, waɗanda yawancin mansu a ruwa yake, suka wayi gari kasonsu ya zube. Aka koma neman maslaha ta siyasa. Majalisar Tarayya ta so a lissafa musu har iyakar ƙasar da ke ƙarƙashin teku, Shugaba Obasanjo ya so a tsaya a mil 24. Ɗaya na magana da shimfiɗar ƙasa, ɗaya na magana da nisa, sai aka sasanta a kan zurfi. Dokar 2004 ta ce duk man da aka haƙo daga gaɓa har zuwa inda ruwa ya kai zurfin mita 200, a ɗauka na jihar da ke kusa ne wajen lissafin kashi 13. Gungun jihohi, galibinsu na Arewa, suka ƙalubalanci dokar a Kotun Ƙoli, ba su yi nasara ba. Layin nan na mita 200 jikan layin gaba ɗari ne. Rijiyar mai da ta faɗo ta ciki ana cire mata kashi 13 kafin a raba, wadda ta faɗa ta waje kuɗinta na shiga tukunyar da Kano da Jigawa da Yobe ke ci.

To amma ta wajen ma an yi mana wani lissafin da zurfi. Dokar da ta tsara haƙar mai a ruwa mai zurfi, wadda aka fara aiki da sharuɗɗanta daga 1993, ta sa harajin mallaka ya riƙa raguwa gwargwadon zurfi: kashi 12 cikin ɗari daga mita 201 zuwa 500, kashi 8 zuwa mita 800, kashi 4 zuwa mita 1,000, abin da ya wuce mita dubu kuwa babu ko kwabo. Hujjar ita ce haƙa a irin wannan zurfi kasada ce mai tsada, sai an lallashi kamfanoni. Hujjar ba ƙarya ba ce a lokacin. Sai dai manyan rijiyoyin da aka samu, irin su Bonga da ta fara aiki a 2005 da Agbami a 2008, suna cikin ruwan da ya kai ko ya zarce mita dubu. Dokar ta tanadi a sake duba ta idan farashin ganga ya haura dala ashirin, farashin ya haura ya ninka, shekaru suka yi ta wucewa ba a taɓa ta ba sai Nuwamban 2019, lokacin da aka mayar da harajin kashi 10 ga duk abin da ya wuce mita 200. Na sha jin 'yan siyasarmu suna kumfar baki a kan dokar 2004, ban cika jin wanda ya ɗaga murya a kan wannan ba, alhali ita ce ta fi shafar tukunyar da muke ci.

Ba na cikin masu ganin an zalunce mu da aka ba mutanen gaɓa kasonsu. Wanda ya girma a Panshekara ya san abin da ake nufi da zama kusa da arzikin da ke wucewa ta kan mutum ya bar masa dauɗarsa. Mun ga launin ruwan da ke fitowa daga magudanun masana'antun fata yana gangarawa kogi, mun ga masu lambu suna ban-ruwa da shi don ba su da wani, mun san warin da ke tashi da yamma. Masuncin da mai ya kashe wa kifi a bakin teku ba sai an yi mana dogon bayaninsa ba. Abin da ke damuna shi ne an yi muhawarar nan shekara da shekaru a gidajen rediyonmu ba tare da an tsaya an gaya wa mai sauraro mene ne mita 200 ɗin, ina layin yake, wa ya auna shi, kuma da me.

Awon bai ƙare ba. Yarjejeniyar 1982 ta yarda ƙasa ta nemi ƙarin fili a ƙarƙashin teku bayan mil 200 idan ta kawo hujjar awo, muddin ba ta wuce mil 350 ba, ko mil ɗari daga layin zurfin mita 2,500. Nijeriya ta miƙa tata buƙatar a 2009, kuma a 2024 gwamnati ta sanar cewa an amince mata da ƙarin fili mai faɗin murabba'in kilomita 16,300, wanda ya kusa kai faɗin jihar Kano. A ɓangaren ciniki kuma, tashar Lekki da aka buɗe mako guda kafin tamu ta Zawaciki an yashe ta zuwa mita goma sha shida da rabi, wato gaba tara, kusan ninki uku na abin da Akoko ya buƙata, domin manya-manyan jiragen kwantena na yanzu ba sa shiga da cikakken kaya a ruwan da bai kai haka ba. Rijiyar da kakana ya haƙa a gidanmu ita ma gaba tara ce. Ta ƙafe shekara huɗu da suka wuce, kuma masu burtsatsen da muka kira sun yi mana jinga ne da mita.